Na Farko Na Iyaye Ne: Ta'aziyyar Gwaggo Mai Almakashi

Ranar Laraba, tara ga watan Maris, da hantsi, ina tsugune a bakin shago ina walda wata ƙofar ƙarfe, wayata ta yi ta ruri a aljihu ban ji ba saboda ƙarar janareta. Sai da maƙwabcina mai faci ya tsallako ya dafa kafaɗata. Na ɗaga gilashin fuska na dubi idonsa, tun kafin ya buɗe baki na san ba lafiya ba. Ya ce, "Sai haƙuri. Gwaggo Mai Almakashi ta cika ɗazun nan a asibiti." Na Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma babu wanda zai saura. Na kashe inji, na zauna a kan wani benci da ban gama haɗawa ba.

Gwaggo, ba zan yi miki ƙarya ba alhali kina gidan gaskiya. Abin da ya fara sauka a ƙirjina ba kuka ba ne, tsoro ne. Kukan ya zo daga baya, ya kuma zo da yawa. Tsoron kuwa saboda kin tafi da wata amana a bakinki, amanar numfashin 'yata Auta, wadda in ban da ni da uwarta da ita yarinyar, ban san wani da ya san kina riƙe da ita ba. Ni mai walda ne, hannuna ya fi sabawa da guduma a kan biro, amma wannan rubutu ya zama dole a kaina, kuma zan faɗi dalili kafin in rufe.

Wanda bai san ki ba zai ji sunan ya yi mamaki. Wani ɗan almakashi ne mai jan hannu da kike ratayawa a wuya da igiyar takalmi, ba ya barin wuyanki sai in za ki yi salla. Yara suka laƙaba miki sunan, manya suka karɓa, har maigidanki, wanda duk muke kira Baba, ya koma in aka tambaye shi wani abu a gidan sai ya ce a je a ji daga Mai Almakashi. Da kika yi ritaya daga koyar da ƙananan yara, Baba ya sayar da tsohuwar motarsa, ke kuma kika mamaye garejin tun ƙurar motar ba ta kwanta ba. Kika sa aka kwantar da wata tsohuwar ƙofar katako a kan ganguna biyu ta zama tebur. Kika jera gwangwanaye a bango, wannan na murafan kwalba, wannan na maɓallai, wannan na tsinken ashana, wancan na guntayen ulu da ƙyallen da teloli suka zubar. Abin da mutane ke kai wa bola, ke a wurinki kayan aiki ne. Kowace Asabar da safe garejin nan yakan cika da yara da iyayensu, a yi motar gwangwani, a yi tsuntsun takarda, a gina tukunyar yumbu, a ƙarshe kuma a wanke hannu a kwaɓa fulawa a gasa biskit.

Dokarki ta farko ita ce yaro ba ya shiga sai da uwa ko uba, ko wanda ke riƙonsa. Wanda ya zo zai ajiye yaro ya juya, sai ki tsare ƙofa ki ce masa ke ba mai raino ba ce. A bakin ƙofar akwai wani kwando da kike tara wayoyin iyaye a ciki, kuma ban taɓa ganin wanda ya tsallake shi ba. Na ga manajan banki da rigarsa ta ofis yana liƙa ulu a jikin tunkiyar kwali, gam ya maƙale masa a gemu, ɗiyarsa tana dariya har da faɗuwa. Na ga wata 'yar sanda, wadda direbobi ke rawar jiki in sun hango ta a titi, tana ba ki haƙuri don ta yanke kunnen zomon ɗanta a karkace. Akwai wani uba da ɗansa da suka daɗe ba sa haɗa ido a gida, kika ba su guduma ɗaya da gwangwani ɗaya kika ce motar nan ba za ta tashi ba sai ɗaya ya riƙe ɗaya ya buga. Sun fita suna gardama a kan taya, amma suna magana da juna.

Ni kuwa kin same ni abin tsokana. Ranar da na yaga jirgin ruwan takarda har sau uku, kika riƙe haɓa kika ce, "Mai Walda, hannun da ke lanƙwasa ƙarfe, takarda ta gagare shi? To Allah ya kyauta." Don in wanke kaina na je shago na lanƙwasa miki abin yanka biskit da guntayen langa-langa, mai siffar tauraro da kifi da tsuntsu. Kika juya su a hannu kika ce kifin ya fi kama da silifa, amma ba ki taɓa yin gashi ba tare da shi ba.

Yanzu in zo kan maganar Auta.

Tun tana ƙarama muka gane jikinta ba ya karɓar gyaɗa. Ba ƙaiƙayi kawai ba, ba borin jini irin wanda ke tashi ya kwanta ba. Ranar da ta fara sa ta a baki, leɓenta ya kumbura, maƙogwaronta ya toshe, na ɗauke ta a kafaɗa ina gudu a titi ba takalmi, ina jin numfashinta yana fita da ƙyar kamar ana hura tsinken ciyawa. Likita ya ce mun yi sa'a, ya kuma ce sa'a ba ta zuwa kullum. Ya ba mu wata allurar gaggawa, wadda tun daga ranar ba ta barin aljihuna ko jakar uwarta. Da ta shiga makaranta muka sanar da malamai, malamai suka sanar da yara, da niyyar alheri. Yara kuwa yara ne. Suka sa mata suna, suka riƙa jefa mata ɓawon gyaɗa a kan tebur don su ga ta zabura, in an raba wani abin ci sai a ware ta gefe guda da nata farantin. Yarinyar da surutunta ke hana mu jin rediyo ta koma shiru, ba ta zuwa gidan kowa, ba ta karɓar komai a hannun kowa.

Uwarta ce ta ji labarin garejinki, amma Asabar ranar aikinta ce a shagon magani, don haka ni na kawo ta. A bakin ƙofa na ja ki gefe na fara yi miki bayani a hankali. Ashe Auta tana ji. Ta riƙe gefen rigata, hawaye na zuba, ta ce, "Baba, don Allah kar ka faɗa. Nan ma za su sani." Kika dube ta, kika dube ni. Sannan kika tsuguna har gwiwarki ta yi ƙara, kika ce mata, "'Yar nan, share hawayenki. Daga yau ciwon nan nawa ne."

Ban gane nufinki ba sai da kowa ya zauna. Kika buga almakashi a tebur kika sanar da cewa tsufa ya zo miki da sabon salo, likita ya ce ke da gyaɗa haihata-haihata, ko ƙanshinta kika ji sai an kwashe ki. Kika ce duk wanda ya shigo miki da ita, ko a aljihu, ko a cikin alewa, ko ɓawonta ma, to ya shirya ɗaukar alhakin tsohuwa. A gaban kowa kika ɗauko wani gwangwani cike da ɓawon gyaɗa da kuke yin ado da shi a jikin hotuna, kika ba Baba kika ce ya kai shi nesa. Yara suka riƙa tausaya miki. Har gasa suke yi wajen binciken aljihun iyayensu kafin a shigo, kada a kashe musu Gwaggo. Auta tana zaune a tsakiyarsu, babu mai kallonta, kuma a ranar ce na sake jin dariyarta.

Asabar ɗin da ta biyo baya kika zo da wata sabuwar doka. Kika ce daga yanzu duk abin da aka gasa, yaro ba zai kai baki ba sai ya ɗauki na farko ya kai wa wanda ya kawo shi, ya tsaya ya ga ya gutsura, ya ji ya ce bismilla ci naka. Kika ce tarbiyya ce, wanda ya ciyar da kai shi ya kamata ya fara cin aikin hannunka. Iyaye suka ji daɗi, wasu har suka mayar da ita dokar gidajensu. Ni ma haka na ɗauke ta, tarbiyya, na kuma yi ta cin tsuntsaye masu ƙonannen fiffike ina cewa sun yi daɗi. In an sauke tire daga wuta sai ki ɗaga murya ki ce na farko na wa ne, yara su amsa baki ɗaya su ce na iyaye ne. Shekaru muka yi a haka.

Tun ƙarshen bara na fara ganin abin da ban so ba. Almakashin ya fara suɓucewa daga hannunki, ke da kike yanka da'ira ba tare da kin zana ba. Kika fara koyarwa a zaune. Zoben hannunki ya yi miki yawa har kika naɗa masa zare. Wata Asabar na ga kin tsaya kina kallon gwangwanayen bango ɗaya bayan ɗaya, ba kya neman komai a ciki, kallo kawai kike yi. Kika fara rabar da kaya, buroshin fenti ga wannan, ƙwallon ulu ga wancan, kina cewa wurin ne ya yi miki ƙunci. In an tambaye ki jiki sai ki ce da sauƙi, Baba kuwa sai ya sunkuyar da kai ya fita tsakar gida. Ruwa ba ya tsami banza, amma babu wanda ya so ya furta.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda kika koma yi wa Auta tambayar nan ita kaɗai. A da tambayar ta kowa ce. Yanzu kuwa in an tashi, sai ki riƙe hannunta a bakin ƙofa ki sake yi mata. Ranar da muka je duba ki a asibiti, kina kwance, hannunki duk robar ƙarin ruwa, muryarki ba ta fita sosai, kika yafito ta.

"Na farko na wa ne?"

"Na Baba ne, Gwaggo."

"Ko ina nan, ko ba na nan?"

Auta ta dube ni, sannan ta ce, "Ko kina nan, ko ba kya nan."

Kika juyo gare ni kika ce akwai maganar da kike son ki bar wa babbar 'yarki in ta iso, domin tana aiki a wani gari mai nisa. Kafin ki ƙarasa, ma'aikaciyar jinya ta shigo ta ce lokacin masu dubiya ya ƙare. Na ce miki za mu dawo. 'Yar taki ta iso, amma ta tarar kin riga kin daina magana, kuma ba ki sake yi ba.

Bayan an yi zaman makoki an watse, garejin ya zauna a rufe. In na bi ta layin sai in ga tsuntsayen takarda da ke rataye a tagar sun fara koɗewa. Yara suna ta tambaya. Babbar 'yarki, wadda yaran ke kira Anti, mace ce mai kirki da kunya, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ta ce kafin ta koma bakin aikinta za ta buɗe garejin Asabar ɗaya, a taru a yi abin da kika saba, a yi miki addu'a. Kowa ya yi murna. Ni kaɗai na kwana biyu abinci ba ya min daɗi.

Uwar Auta ta ce in je in faɗa wa Anti gaskiya. Auta ta ji, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ta ce in dai za a faɗa ita ba za ta je ba, kuma ba za ta sake zuwa ko'ina ba. Wurin nan ne kaɗai a duniya da ba a san ta da ciwo ba. Na rasa yadda zan yi, sai na ɗauki hanyar tsakiya. Da safiyar Asabar na tari Anti a bakin ƙofa na ce, "Ƙanwata, biskit ɗin nan irin na Gwaggo za a yi, ko an canja wani abu?" Ta ce, "Haba Yaya, wa zai taɓa girkin Mama? Nata ne sak, yadda ta koya min da hannunta. Tun jiya na kwaɓa." Hankalina ya ɗan kwanta. Na shafa aljihuna na ji allurar tana nan, muka shiga.

Tun daga ƙofa na ga wurin ba yadda kika bar shi ba. An share, an goge, an jera komai tsaf, tsaftar da ke ba ki taɓa yarda da ita ba. Kwandon wayoyi yana nan, amma babu wanda ya sa komai a ciki, kuma babu wanda ya yi magana. Kujerarki tana kusurwa, an rataye almakashin a jikinta. Yara suna magana ƙasa-ƙasa. Aka yi furannin takarda, babu wanda ya yi dariya ko da manajan banki ya liƙa nasa a kife. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Da aka zo gashi, Anti ta fito da kwaɓin a cikin babbar roba, baƙi-baƙi da cakulan, ƙanshinsa ya cika garejin. A daidai lokacin Baba ya leƙo ya ce, "Ɗana, zo ka duba min ƙofar gidan nan. Tun ranar da jama'a suka yi ta turereniya ta sauka, sai jan ƙasa take yi." Da kina nan, Gwaggo, da ba a fitar da uba daga tebur ana tsakiyar aiki ba, ko da gidan ne ke rushewa. Amma wa zai ce wa Baba a'a a irin wannan rana? Na waiwaya na ga Auta tana murza kwaɓi da kwalba, tana danna kifin nan mai kama da silifa. Na ga tana sosa wuyan hannunta, tana goge ido da bayan hannu. Na ce a raina kewarki ce ta sa ta hawaye. Na fita.

Ina tsugune ina kwance ƙusoshin ƙofa na ji ƙanshin gashi ya fito, na ji hayaniyar yara ta tashi, alamar an sauke tire. Babu wanda ya ɗaga murya ya yi tambayar nan taki. Daga baya Auta ta ba ni labarin abin da ya faru a ciki. Yaran da iyayensu ke kusa sun miƙa musu, wasu ma ba su miƙa ba, kowa ya kai baki. Ɗan 'yar sandan nan ya zungure ta ya ce ta ci mana, ai Gwaggo ba ta nan. Anti ma, cikin tausayi, ta shafa kanta ta ce, "Ci abinki, 'yar nan, Babanki yana aiki, za mu ajiye masa nasa." Biskit ɗin yana hannunta, da zafinsa, har ta ɗaga shi.

Ni dai abin da na gani shi ne inuwa ta tsaya a kaina. Na ɗago na ga Auta, idanunta sun yi ja, ta miƙo min kifi a tafin hannu. Ta ce, "Baba, na farko." Na ce mata hannuna duk baƙin mai ne, ta ci kawai, zan ci nawa an jima. Ta girgiza kai ta ce, "Gwaggo ta ce ko tana nan ko ba ta nan." Na gutsura don kawai ta bar ni in ƙarasa aiki.

Gwaggo, cakulan ya rufe ƙanshin, amma bai rufe ɗanɗanon ba. Niƙaƙƙiyar gyaɗa ce, da yawa, har tana ƙaras-ƙaras a haƙori. Na tofar. Na kaɓe sauran daga hannunta, sai a lokacin na ga hannun, ya yi ruɗu-ruɗu har gwiwar hannu, fatar idonta ta fara tashi. Na tambaye ta ko ta ci, ko ta lasa, ko ta sa yatsa a baki. Ta ce a'a, tana jira in ce bismilla. Na so in rungume ta na kasa, domin bakina da hannuna duk gyaɗa ne. Na tsaya ina kallon 'yata ina ja da baya kamar ni ne wutar. 'Yar sandan nan ce ta fito da gudu, ba ta tambayi komai ba, ta ɗauke ta ta kai bakin famfo ta wanke mata hannu da fuska da sabulu, manajan banki ya tayar da mota. A hanyar asibiti ta fara tari, aka yi mata allurar. Likita ya ce taɓawa ce kawai da abin da ta goga a ido, shi ya sa abin ya tsaya inda ya tsaya. Da ta haɗiye, ya ce, bai ƙarasa ba ya ci gaba da rubutunsa.

Anti ba ta yi min ƙarya ba, kuma ina so duk wanda ya karanta wannan ya san haka. Girkinki ne sak, wanda kika koya mata tun tana 'yar makaranta, lokacin da gyaɗa ce ƙashin bayansa. Ta bar gida kafin Auta ta zo garejin. Ta ji ana cewa kin daina shiri da gyaɗa, ta ɗauka larurar tsufa ce, kuma tunda mai larurar ta tafi, sai ta ga ya dace yara su ɗanɗani biskit ɗin uwarta na asali ko sau ɗaya. Ƙauna ce ta sa ta, kuma duk wanda ke wurin, da an tambaye shi, da ya ce ta yi daidai. Ta zo asibiti tana kuka har ta kasa tsayuwa, uwar Auta ce ta koma tana rarrashinta.

Washegari Baba ya zo gida duba yarinya. Ya zauna a kan tabarma ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce min tunda ya san ki bai ga abin da kike so a duniya kamar gyaɗa ba. Ya ce a da ba a raba jakarki da ƙullinta, har a aji kina koyarwa kina ɓantara a ɓoye. Rana ɗaya kika dawo daga gareji kika kwashe duk wadda ke gidan kika bayar, kika wanke turmi da tukwane da ruwan zafi, kika ce daga yau ba ta sake shigowa. Ya tambaye ki dalili kika ce amana ce, bai sake tambaya ba. Ya ce, "Shekarun nan, in kwaɗayi ya kama ni, sai in tafi shagon aski in ci a can, in wanke baki kafin in dawo, kamar mai shan taba a ɓoye." Ya yi 'yar dariya, dariyar ta koma kuka. Ya ce ko a kwanakinki na ƙarshe a gida, da abinci ya daina shiga, ya ce bari ya sayo miki ko kaɗan ce, wataƙila ta buɗe miki baki. Kika ce a'a, Asabar ta kusa.

A nan ne na tsaya na haɗa lissafin da ya kamata in haɗa tun tuni. Dokar kai wa iyaye na farko ba ta zo ba sai mako guda bayan zuwan Auta. Kin san ƙaryar da kika yi don ki rufa mata asiri katanga ce mai rai, ranar da kika faɗi za ta faɗi tare da ke. Shi ya sa kika gina wata a bayanta, wadda ba ta buƙatar ki, kika sa ta a bakin yara duka don kada a gane ta mutum ɗaya ce. Kika mayar da bakina ƙofar da komai zai bi kafin ya kai ga nata, ni kuma ina ta cin ƙonannun tsuntsaye ban sani ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma a gabanki, da gemuna da komai, yaro ne ni.

Har yanzu tsoron bai bar ni ba. Duniya cike take da tebura da faranti da mutanen kirki masu cewa ci mana, kuma babu Gwaggo a bakin kowace ƙofa. Auta tana girma, wata rana za ta zauna inda ba ni kusa, ba wanda za ta kai wa na farko. In na tuna wannan sai in ajiye abin walda in zauna.

Dalilin wannan rubutu kuwa, ita ce ta sa ni. Da muka dawo daga asibiti ta ce min, "Baba, ka rubuta ka faɗa musu ba Gwaggo ba ce, ni ce. Ta riƙe min ya isa." To ga shi na faɗa. Iyayen gareji da yaransu, da duk wanda zai buɗe ƙofar nan nan gaba, ku sani Gwaggo lafiyarta ƙalau da gyaɗa. Ciwon na Auta ne, 'yar mai walda, kuma ta ce ba ta jin kunyarsa yanzu.

Ina miƙa ta'aziyyata, da ta uwar Auta, da ta Auta, ga Baba, Allah ya ba shi haƙuri da juriyar zama a gidan da ya yi masa faɗi. Ga Anti da ƙannenta, Allah ya sanyaya zukatanku, ya sa ku gaji halinta, kuma ƙanwata, ki sauke wannan nauyi daga ranki, babu mai riƙe da ke a gidanmu. Ga 'yan uwa da maƙwabta, da yaran da har yanzu in sun ga murfin kwalba a hanya sai sun tsince, Allah ya ba mu haƙurin rashi baki ɗaya.

Ya Allah, baiwarKa ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi. Ƙaryar nan guda ɗaya da ta yi don ta rufa wa yarinya asiri, Ka rubuta mata ita a cikin ayyukan alheri, Ka rufa mata nata asirin ranar da asirai ke tonuwa. In tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Gwaggo, Allah ya sa Aljanna ce makomarki, ya kuma ciyar da ke a can, ba tare da tsoron kowace Asabar ba, abin da kika hana bakinki saboda 'yata. Amin.